Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gilbert Houngbo, Shugaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

A 2015 shugabannin duniya suka ɗauki alkawarin raba yara da aikin wahala kafin ƙarshen 2025. Shekarar ta zo, sai ga rahotonku da na UNICEF yana cewa yara kusan miliyan 138 na nan inda aka bar su. Ba sai na tuna maka taron duniya kan yaƙi da aikin wahalar yara da aka yi a Durban, Afirka ta Kudu, a 2022 ba. An yi tafi, an ɗauki hotuna, an watse.

Kukana a kan 'yan aikatau ne. Ƙididdigarku ta 2012 ce ta ce yara miliyan 17.2 ke aiki a gidajen wasu, biyu cikin uku mata. Kullum talaucin iyaye kuke ambata. Gaskiya ne, amma wa ya taɓa tsare uwar ɗaki ya tambaye ta me ya hana ta ɗaukar babba?

Ta san dalili sarai. Babbar mace za ta yanka albashi, ta nemi ranar hutu, in an zage ta ta tattara kayanta ta tafi. Yarinya 'yar shekara goma kuwa ko hanyar garinsu ba ta sani ba. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Sai ta taka kujera hannunta ke kai wa wurin wanke-wanke. Ta rataya wa ɗan gidan, sa'anta, jakar makaranta, ta raka shi bakin ƙofa, ta dawo ta ɗauki tsintsiya. Ladanta ma hannun wanda ya kawo ta yake zuwa. In baƙo ya tambaya, sai a ce ai 'yar uwa ce, taimakon iyayenta ake yi. Wannan irin taimako, a ce mai bayarwa ne ke cin riba!

Jami'an duba wuraren aiki suna shiga masana'anta, amma a ƙofar gida suke cin birki. Yarjejeniyarku mai lamba 182, wadda ta haramta mafi munin ayyukan wahala ga yara, duk ƙasashenku 187 sun amince da ita. Mai lamba 189 ta ma'aikatan gida, da aka yi tun 2011, masu amincewa ba su kai 50 ba. Ba mamaki, masu sa hannun ma ai suna da gidaje.

Don Allah, ranka ya daɗe, kafin bikin 12 ga Yuni mai zuwa, ranar yaƙi da aikin wahalar yara ta duniya, ka kira sunayen ƙasashen da suka ƙi, ɗaya bayan ɗaya, ka matsa musu su hukunta mai ɗaukar yaro aiki da dillalin da ya kawo shi.

Naka,
Wani uba mai 'ya'ya mata