Ba kowane haƙori ke jiran famfara ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaskiya shirinku na lafiya na daren Talata a rediyo ya ɓata mini rai. Likita tana tsaka da bayanin yadda ake gyara ruɓaɓɓun haƙoran gaba na yara, sai mai gabatarwa ya katse ta yana dariya, wai ai haƙoran nono ne, famfara za ta zubar da su. Haba Malam! Wannan maganar ce fa ta cuci 'yata.

Tana da shekara 2 na fara ganin wani fari-fari kamar alli a gindin haƙoranta huɗu na sama, dab da dasashi. Kakarta ta ce a ƙyale su, na ƙyale. Ashe fidar da nake cika mata da shayi mai sukari, ta kwana tana tsotsa, ita ke cinye su. Kafin ta cika shekara 3 sun koma ruwan ƙasa suna gutsurewa kamar biskit, na ƙasa kuwa ƙalau, tunda harshe na kare su. Ga kukan dare, ga kumburi, ko rake ba ta iya gatsa. A islamiyya yara suka laƙaba mata suna, har ta koma toshe baki da gefen hijabi in dariya ta kama ta.

Da ƙyar muka je wajen likitan haƙori. Biyu aka yi wa ciko mai launin haƙori, ɗaya aka sa masa hula, na huɗun ya riga ya yi ƙurji, sai cirewa. Likitan ya ce irin wannan ƙurjin kan taɓa haƙorin girma da ke kwance a cikin dasashi. Famfarar haƙoran gaba kuma sai shekara 6 zuwa 7. To wace uwa za ta zuba ido ɗanta ya shekara 3 ko 4 yana fama da ciwo?

Don Allah ku sake gayyato likitar, ku bar ta ta kai aya. Ta fara cewa man goge baki kamar ƙwayar shinkafa ya ishi ɗan ƙasa da shekara 3, ba mu ji ƙarshen zancen ba.

Af, ita kuma lambar wayar nan da kuke karantowa, wa ke ɗauka? Sau 9 na kira a daren, har katina ya kusa ƙarewa, tallar magi kawai nake ji a rediyo.

Taku mai sauraro,
Wata uwa daga Zariya