Rawanin da Babu Albashi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya Hajiya da yara? Na san abin da za ka fara faɗa: wata bakwai shiru, sai yanzu da buƙata ta taso. Faɗi, na ci laifin. Tambayarka kan karatun 'yar wajenka ma tana raina, zan zo kanta. Amma bari in fara sauke abin da ke cina: an naɗa ni shugaban ƙungiyarmu ta masu aikin rage haɗarin bala'i.

Kada ka yi saurin yi mini barka. Ban ma tsaya takara ba. Ana tsakiyar taro intanet ta ɗauke mini, kafin in dawo Ma'aji ya ba da sunana, Dogo ya mara masa baya, an ɗaga hannu an sauke. Na shigo na tarar ana ta "Allah ya taya riƙo". Wa'adin shekara biyu ne, babu albashi, babu alawus, ko kuɗin data daga aljihuna. Na san kana can kana dariyar nan taka mai kama da tari. Yi abinka.

Ka san a ofis idan na ce a kawo taswirar unguwannin da ruwa ke ci ranar Alhamis, ranar Alhamis take zuwa, domin akwai ƙarshen wata. A nan fa? Kowa aikin sa kai yake yi, bayan ya tashi daga nasa aikin a gajiye. Ba ka da bulala sai lallashi. Baiwar Allahn da ke haɗa mana mujalla ita kaɗai ta riƙe ta shekara huɗu, babu wanda ya taɓa ce mata sannu, sai da fitowa ɗaya ta makara sannan kowa ya tuna da lambarta. Satin farko na koyi cewa "in sha Allahu zan duba" iri uku ce, kuma biyu daga ciki a'a ce.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci ranar miƙa mulki ya faru. Tsohon shugaba ya kawo mini kwali guda na takardu, ya yi mini addu'a, ya juya yana tafiya kamar wanda aka sallama daga asibiti. Na buɗe kwali: rasitai, tsofaffin ajandodi, ƙa'idojin ƙungiya kwafi biyu da ba su yi daidai da juna ba. Na ce ina rajistar mambobi? Aka ce tana cikin kwamfutar Sakatare. Ina kwamfutar? Ta mutu tun bara, mai gyara ya ce sai haƙuri. Akwai kwafi a wani wuri? Shiru. Kalmar sirri ta imel ɗin ƙungiya kuwa mutum ɗaya ya san ta, shi ma ya ce yana jin da sunan kyanwarsa ta fara. Asusun banki sai mutum biyu sun sa hannu, ɗayansu ya yi ritaya ya daina ɗaga waya.

Mu fa ke nan, Malam! Mu da muke zaunar da hukumomin gari muna yi musu wa'azi cewa kada su ajiye takardun filaye a ɗakin ƙasa, su yi kwafi a wuri biyu, su rubuta wanda zai riƙe ragama idan shugaba ba ya nan. Ni da bakina na sha gaya musu ba a fafe gora ranar tafiya. Ashe dai wanzami ba ya son jarfa. Da na faɗi haka a taron kwamiti sai Sarkin Gardama ya ce ai wannan ba iftila'i ba ne, tunda ba a rasa rai ba, a kira shi "tangarɗa". Muka ɓata minti arba'in a kan kalma. Bai canza ba ko kaɗan, sai furfura da ta ƙaru.

Af, Dogo ya kammala digirin nan nasa a ƙarshe. Yanzu in ba ka ce Dakta ba, ba ya jin kira. Na gwada sau uku, sai da na ce "Dakta Dogo" ya waiwayo. Idan ka kira shi ka yi kamar ba ka ji labari ba, ina son in ji yadda zai shigo da zancen.

Ina muka tsaya? Yauwa, rajista. Da muka zauna sake haɗa ta daga tsofaffin saƙonni sai na ga wani abu da ya fi mutuwar kwamfutar ɗaga mini hankali. Mutanenmu da bala'i suke shigowa, da lafiya suke fita. Bayan girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta Fabrairun 2023, wadda ta ci rayuka sama da 50,000, taronmu na intanet ya cika har wasu suka kasa shiga. Wata huɗu bayan nan muka kira zama kan yadda za a sa a riƙa bin dokokin gini, wato ainihin abin da ke raba ginin da ya tsaya da wanda ya rufta, mu tara muka hallara, har da wanda ya bar kyamara a kunne ya tafi harkarsa. Cutar da muke zargin gwamnatoci da ita, ita ce a jikinmu. Kowa ya haddace binciken nan na Amurka na 2017 da ya nuna dala 1 da gwamnati ta kashe kan rigakafi tana hana asarar dala 6, muna karanto shi kamar karatun allo, amma ambaliyar da ba ta auku ba ba ta da hoto, babu mai zuwa taro dominta.

Ka tuna yadda muka yi murna a Maris na 2015 da ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Sendai kan rage haɗarin bala'i? Har ka ce mini daga yanzu kowa zai sake gini fiye da yadda yake a da. Faɗar ce mai daɗi. Wanda gidansa ya rushe so yake ya mayar da bango inda yake, gobe-goben nan, kai kuma kana ce masa ya dakata a yi nazari. Shi ya sa har yau nake jinjina wa mutanen Valmeyer a jihar Ilinoi ta Amurka, ƙauyen da bai wuce mutum 900 ba. Da kogin Misisipi ya shanye su a 1993, suka kwashe garin ɗungurungum suka koma kan tudu. Abin da na fi riƙewa a labarin shi ne kwamitocin mazauna garin ne suka yi ta zaman dare suna yanke inda makaranta da tituna za su zauna, ba don ana biyansu ba.

Tunda zancen kogi ya zo: har yanzu kana cikin gidan nan naka mai "kyan iska"? Na gaya maka, ambaliyar shekara ɗari ba ta nufin sai bayan shekara ɗari. Kashi 1 cikin 100 ne kowace shekara, a shekara 30 ya kai kusan kashi 26. Kai da ka koyar da lissafi! Aƙalla ka ɗauke takardunka daga akwatin ƙarƙashin gado.

Tsorona na gaskiya shi ne kada in zama sabuwar kwamfutar Sakatare. Na lura abin da aka ƙi yi ni nake ɗauka, don ya fi sauri, kuma haka wanda na gada ya fara har komai ya koma kansa. Uwargida ta riga ta ce kujera ta uku a falo ta ƙungiya ce. Don haka na fara raba aiki ƙanana-ƙanana. Matasan nan idan ka ce su shiga kwamiti sai su ɓace, amma in ka ce "riƙe mana ƙofar taro na awa ɗaya" suna yi, har su tambayi na gaba. Ina yawan tuna Bangaladash: guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, daga baya suka kafa rundunar 'yan sa kai, dubun-dubatarsu, kowa da ɗan aikinsa sananne, wannan lasifika, wancan tuta, wani kai tsofaffi mafaka. Yanzu kalmar sirri tana hannun mutum uku, kuma na sa an zaɓi mataimakiya tun yanzu, tana zama kusa da ni a kowane taro ko tana so ko ba ta so.

To, ga buƙatar da ka hango tun layin farko. Ranar 13 ga Oktoba, ranar rage haɗarin bala'i ta duniya, muna da taro ta intanet, kuma na riga na sa sunanka cikin masu magana. Minti ashirin kacal, kan yadda kuka sake tsugunar da mutanen nan da bala'i ya raba da gidajensu. Kada ka ce ba ka da lokaci, ni ma intanet ce ta ɗauke mini. Ka saka riga mai kyau ko da daga sama ne.

Akwai abin da na ce zan amsa maka, wallahi ya shige mini, ga Ma'aji yana ta kira kan batun sa hannun banki. Ka tuna mini. A gaida Hajiya, ka ce mata har yanzu ina bin ta bashin hoton nan.

Naka,
Shugaba (dole)