Mutanen Kusaghe ma sun cancanci fili a labaran ƙasashen waje

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili domin in ja hankalinku kan wani giɓi a shafinku na ƙetare. Tun da Tsibiran Solomon da ke tekun Pasifik suka yanke hulɗa da Taiwan suka rungumi Sin a 2019, sannan suka ƙulla yarjejeniyar tsaro da ita a 2022, ba a ambaton ƙasar sai in ana zancen takun-saƙar Sin da Amurka, talakawan da ke cikinta kuwa ko oho.

Daga cikinsu akwai Kusaghe, al'umma ce ta 'yan dubbai a gaɓar arewacin tsibirin New Georgia, a Lardin Yamma. Suna noman dankali da rogo da gwaza, suna kamun kifi, suna busar da kwakwa su sayar. Kwalekwale mai inji shi ne motarsu, don haka idan ciwo ya yi tsanani ko haihuwa ta zo da gardama, sai an fara haɗa kuɗin fetur kafin a kama hanyar asibitin Helena Goldie da ke Munda.

Addininsu ne ya fi ɗaukar hankalina. 'Yan mishan na cocin Methodist sun sauka a tsibirin a 1902 ƙarƙashin John Goldie, amma wajen 1960 wani ɗan Kusaghe, Silas Eto, wanda mabiyansa ke kira Holy Mama, ya ɓalle ya kafa cocin Christian Fellowship Church. Ya haɗa ibada da aikin gayya, mutane suna fita gonar kwakwa tare, ana tara abin da aka samu don amfanin gari, har aka sa wa ƙauyuka sunaye irin su Paradise da Jericho. Ko mutum bai yarda da aƙidarsu ba, dole ya jinjina wa jama'ar da ta ɗauki tsare ƙasar kakanni a matsayin wani ɓangare na bauta.

An ga haka a fili lokacin da kamfanin katako na Levers ya shiga dazuzzukansu. A 1982 mutanen ƙauye suka ƙona sansaninsa da ke Enoghae, a 1986 kuma kamfanin ya tattara nasa-ya-nasa ya bar ƙasar. Ba na goyon bayan ƙone-ƙone, amma tura ce ta kai bango. Abin takaici, kamfanonin Asiya sun maye gurbinsa, kuma duk inda aka share daji, ruwan sama yakan kwaso jar ƙasa ya zuba a rafukan da ake sha da gaɓar da kifi ke hayayyafa, kuɗin katakon da ake rabawa kuma ya haddasa husuma tsakanin dangi. Cocin da Silas Eto ya kafa ya sa jama'a dashen itatuwa domin maye abin da aka sare, sai dai itace ba ya girma a damina ɗaya.

Harshensu ma yana cikin matsi, domin harshen Roviana, wanda 'yan mishan suka fifita a coci da makaranta, da Pijin na kasuwa, suna neman shafe shi a bakin yara.

Don Allah, ranka ya daɗe, ku ware shafi ku yi bayanin halin da suke ciki: buƙatarsu ta ɗakunan shan magani a kusa, da ruwa mai tsabta, da littattafan karatu a harshen Kusaghe, da kuma dokar da za ta hana sa hannu kan yarjejeniyar katako ba tare da amincewar masu ƙasa ba.

Naku,
Mai karanta jaridarku, daga Zariya