Wasiƙa zuwa ga aminina kan tafiyar ɗanmu Masar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Mu nan Kano sai godiya.

Saƙonka ya same ni, na kuma yi murna ƙwarai da jin ɗanmu zai tafi Alƙahira karatu a Azhar. Yaron da na sani yana rarrafe a tsakar gidanku! Ka ce in ba shi shawara tunda na yi shekara 6 a can. Na san in na kira ka a waya hirar 'yan ajinmu za mu ɓige da ita har kati ya ƙare, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka ba shi ya karanta da kansa.

Zan fara da filin jirgi, don nan ne tsorona ya fi yawa. Ka san halinmu, da zarar an ji mutum zai tafi, sai ka ga an fara zuwa da ƙulli: "Don Allah ga ɗan saƙo ka miƙa wa ƙanena." To kada ya karɓi ko allura daga hannun wanda bai sani ba. Wanda ya sani ma, a kwance ƙullin a gabanka, ku gani da idonku. Masarawa ba sa wasa da ƙwayoyi, musamman tiramadol. A 2017 wata Baturiyar Ingila ta shiga da kusan ƙwaya 300, ta ce ta kawo wa mai ciwon baya ne, kotu ta yanke mata shekara 3. In haka ta faru da mai fasfon Ingila, ina ga ɗan talaka mai koren fasfo? In yana da maganin da yake sha kullum, ya bar shi a kwalinsa, ya haɗa da takardar likita. Idan yana jin nauyin cewa a'a, ya ce babansa ne ya hana, kai ka ɗauki baƙin jinin.

Sai takardu. Shaidar kammala makarantarsa a kai ta Abuja ta sha hatimin ma'aikatar ilimi, da ta harkokin waje, da ofishin jakadancin Masar, tun yana gida. Katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin ranar tashi. Ya yi hotunan fasfo masu farin bango da yawa, ya kwafi kowace takarda, ya kuma ɗauke su a waya ya turo maka. A can kowace taga ka leƙa sai an ce kawo kwafi.

Da ya sauka, abin da zai sa a gaba shi ne iƙama, wato izinin zama. A zamaninmu ginin Mugamma da ke dandalin Tahrir muke zuwa, amma tun 2019 aka mayar da ofishin unguwar Abbasiyya, kuma jirgin ƙasan cikin gari yana zuwa har can. Ya yi sammako, ya tafi da takardar shaidar ɗalibta daga makaranta, da biro, da ruwan sha. Ni da kaina na taɓa sakaci, na yi ta "gobe, jibi" har tawa ta mutu. Na biya tara, amma tarar ba ta dame ni kamar zullumin da na zauna a ciki ba: in na hango ɗan sanda sai in sauya hanya kamar ɓarawon akuya. Ya rubuta ranar ƙarewarta ya manna a bangon ɗaki, ya fara neman sabuntawa da sauran lokaci.

Za ka yi dariya, amma ka saya masa rigar sanyi mai kauri da safa. Ni da zan tafi cewa na yi ƙasar hamada ce, me ɗan Kano zai ji? Watan Janairu na farko ya koya mini hankali. Da dare ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 10, ƙasan ɗaki tayil ne, iska na shigowa ta kowace kafa. Na kwana da babbar rigata ta Juma'a a kan kaftani biyu, na lulluɓa da dardumar salla, haƙora suna kaɗawa. Da asuba na tsaya a gaban famfo ina kallonsa yana kallona. Bargo kam ya saya a can, kada ya cinye masa kilo. Wajen watan Maris zuwa Mayu kuma akwai iskar da suke kira khamasin, mai zafi da ƙura, kamar hazonmu amma ba sanyi.

Maganar masauki, in ya samu ɗaki a Madinatul Bu'us, mazaunin ɗalibai baƙi na Azhar, to ya huta. In bai samu ba, yawancin yaranmu haɗa kuɗi suke yi su kama gida a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir. Kada ya ba dillali ko sisi sai ya shiga gidan, ya buɗe famfo, ya kunna fitila, ya ga mai gidan, an rubuta yarjejeniya an sa hannu. Mu wani dillali ya taɓa karɓar kafin alƙalaminmu, mu huɗu, washegari muka zo da akwatuna muka tarar da wasu a ciki suna soya albasa. Mai gadin bene, bawwab suke ce masa, ya riƙa gaishe shi, ya ɗan yi masa ihsani lokaci lokaci, don babu abin da ke shiga ko fita a ginin bai sani ba. Af, soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, ya tafi da mahaɗi.

Kuɗi kuwa, ka daina lissafi da abin da na gaya maka shekarun baya. Ina can a ƙarshen 2016 aka saki fam, wato kuɗin Masar, aka bar kasuwa ta yanka masa daraja, kaya suka yi tashin gwauron zabi muna kallo. A watan Maris na 2024 aka sake, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50. Ka tambayi ɗaliban da ke can yanzu nawa wata ke ci. Canji ya yi shi a banki ko shagon canji mai lasisi, ya karɓi rasit. Can ba Wapa ba ce, canjin bayan fage laifi ne da ake kama mutum a kansa. Kai kuma kada ka danƙa masa kuɗin wata shida a dunƙule. Yaro ne.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Na ga waɗanda suka yi shekara 5 a Alƙahira suka dawo ba su iya cinikin tumatir da Larabci ba, saboda daga ɗakin Hausawa sai ɗakin Hausawa, ana tuƙa tuwo ana musun ƙwallo da siyasar gida. Zama da 'yan gida yana da daɗi, ranar ciwo ma su ne naka. Amma ya fita. Larabcin titi daban yake da wanda ya koya a Islamiyya. Ranar da na fara shiga shago na zuba nahawu da i'irabi, mai shagon ya saurara har na gama, ya ce "sadaƙallahul azim", kowa ya fashe da dariya. Su jimun kamar "ga" suke furta ta, ƙaf kuma sukan haɗiye ta. Ya koyi "izzayyak" don gaisuwa, "bikam" don tambayar farashi, da "ma'alesh" wadda ke kashe kowace rigima. A ƙaramar bas kuɗin mota daga hannu zuwa hannu ake miƙa shi har ya kai ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, in za ka sauka ka ɗaga murya ka ce "ala gamb ya usɗa". A jirgin ƙasa akwai taragun mata zalla, ya duba kafin ya faɗa.

Wasu yaran titi za su kira shi "samara" saboda launin fatarsa. Yana da ciwo, ni ma na ji. Ya wuce abinsa, kada ya tanka. A garin nan dai zai ga an shimfiɗa tebura a titi da azumi, wanda bai san shi ba ya kamo hannunsa ya zaunar da shi buɗa baki. Siyasar ƙasarsu kuwa babu ruwansa, ko a baki ko a Facebook, kuma kada ya ɗauki hoton soja, ɗan sanda ko gininsu.

Abinci ba zai wahala ba. Ful ne, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya da safe, ita kamar ƙosai take, ga koshari mai cika ciki da araha. Zoɓo shi ne karkade, mulukiyyarsu kuma lalo ce. Abin da mahaifiyarsa za ta ɗaure masa shi ne kuka, daddawa da yaji, a ninka leda sosai, in ba haka ba duk littattafansa daddawa za su yi ta yi.

Ya riƙa zama a da'irorin karatu da ake yi a cikin masallacin Azhar ban da darasin aji, ya leƙa shagunan littattafai da ke bayansa. Ya sani mutanenmu sun daɗe da sanin hanyar nan, har ruwaƙi guda, wato sashen zama da karatu, aka ware wa ɗaliban Barno a masallacin tun zamanin da ake zuwa a raƙumi.

In ta Kano zai tashi, ku sauka a gidana, ni zan kai ku filin jirgin Malam Aminu Kano. Akwai tsohuwar rigar sanyina a akwati, in ta yi masa ya tafi da ita. Ka gaishe da uwargida da yara, ka ce wa Hajiya ina neman addu'a.

Naka amini,
daga Kano.