Sanarwa ga ƴan rukunin unguwarmu ta Zariya

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Da fatan an tashi lafiya.

Duk wanda ya bi ta lakwal ɗin unguwa makon nan ya ga katangarta: zagi da sunayen fada-fada (majalisun hira na samari), wasu da gawayi, wasu da jan fenti. Ɗiyata ƴar shekara 7 ta tsaya tana haɗa baƙaƙen tana karantawa, wallahi kunya ta rufe ni. An kuma karya kan famfo, an kwance batirin fitilar sola ta lungun masallaci. Yanzu mata na tsoron bin lungun bayan isha'i, kuma da gaskiyarsu.

Don haka za mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Kowane gida ya turo mutum guda da dala 100, wato sefa 500, na farar ƙasa da gyaran famfo. Shugabannin fada, ku muka fi so mu gani, ba tuhuma ba ce, shawara za mu yi. Wanda ya kama yaro yana ɓarna kada ya doke shi, ya kai maganar wurin mai unguwa.

Allah ya shirya mana zuri'a. Na gode ƙwarai.

Sakataren rukuni