Mai araha ko mai tsada: ina kuɗin mariƙin bindigar gasar harbi yake tafiya?

Assalamu alaikum, ya Edita.

Ina roƙon ɗan fili a shafin wasanni saboda 'yan uwanmu mazauna Amurka da suka fara shiga gasar harbin saiti. Na san a gida doka ta tsananta kan mallakar irin bindigogin da ake wannan gasa da su, don haka maganata ta shafi inda doka ta yarda ne kawai. Abin da ke damuna shi ne yadda sabon shiga yake zuba kuɗinsa a kan mariƙin gaba, wato ƙarfen da ke lulluɓe bututun bindiga inda hannun hagu ke kamawa, alhali bai san abin da yake biya ba.

A kasuwa za ka ga na ƙasa da dala 100, ka kuma ga na kamfanoni irin su Geissele da Daniel Defense da ke kai dala 300 ko fiye. A ido kusan duk ɗaya ne. Yawancinsu alminiyam ne samfurin 6061, kuma yawancinsu suna da ramukan maƙala kayan ƙari da ake kira M-LOK, tsarin da kamfanin Magpul ya fito da shi a 2014. Kafin nan layin Picatinny ne ke tashe, wato layin ƙarfe mai haƙora da ake ɗora kaya a kansa, wanda sojojin Amurka suka amince da shi a 1995, sai dai mariƙin da aka yi wa layin a dukkan gefuna huɗu yana da nauyi, yana kuma cin tafin hannu. Akwai wani tsarin ramukan ma mai suna KeyMod, amma tun da sakamakon gwajin da aka yi a cibiyar sojojin ruwan Amurka ta Crane ya fito a 2017, inda M-LOK ya yi fintinkau, kasuwar KeyMod ta mutu. Duk wanda aka yi wa tayin KeyMod da rangwame, to ya sani samun kayan da za su hau kansa zai yi wuya.

Inda bambancin yake na gaske shi ne gindin mariƙin, wurin da yake kama notin da ke riƙe bututu. Mariƙi na zamani ba ya taɓa bututun ko kaɗan, domin idan maharbi ya jingina shi a kan katako ko ya ja maɗauri da ƙarfi, kada nauyin ya karkatar da harsashi. Ke nan duk ƙarfinsa ya dogara ne da wannan mahaɗa guda. Mai tsada an yanka shi daidai wa daida, yana da 'yan kunnuwa da ke hana shi juyawa, sukurorinsa ba sa lalacewa da wuri. Mai araha sau da yawa sukurori biyu ne masu laushi suke matse shi. Idan bindiga ta yi zafi ta huce, ta sake yin zafi, sai ka ji ya fara motsi, ko ka ga layin samansa bai daidaita da na jikin bindiga ba. Fentinsa ma yakan goge da wuri, amma wannan bai dame ni ba.

An ce araha ba ta ado, gaskiya ne. To amma ba kowa ne ke buƙatar na dala 300 ba, kuma nan ne masu shago ba sa son a tsaya. Wanda madubin saitinsa ke zaune a jikin bindiga, yana harbin takarda a yadi 100 ranar Asabar, ɗan motsin mariƙi ba zai taɓa makinsa ba. Wanda ya ɗora ƙarfen saitin gaba a kan mariƙin kansa, ko yake gasar 3-Gun ta harbi da bindigogi iri uku, inda ake gudu ana jingina bindiga a shinge, shi ne zai ɗanɗana kuɗarsa idan ya sayi na banza, don da zarar mariƙin ya gusa, saitin ya tafi.

A ganina sabon shiga ya nemi na tsaka-tsaki, irin na Midwest Industries ko Aero Precision, ya kai wa maƙerin bindiga mai lasisi ya ɗaura masa da ma'aunin matsi kamar yadda kamfani ya tsara. Ragowar kuɗin ya sayi harsashin atisaye da abin toshe kunne mai kyau, ya kuma biya kuɗin darasin kiyaye haɗari, wanda na ga matasanmu da yawa suna tsallakewa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Houston, Jihar Texas