Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawan ƙungiya, shugaba da 'yan kwamiti, iyaye mata, da sauran mambobi na cikin birnin Sakkwato da na karkara, ga rahoton abin da muka yi a bana kamar yadda tsarin ƙungiya ya ɗora wa sakatare. Kafin komai, muna yi wa 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya cikin wannan shekara addu'a. Allah ya gafarta musu, ya ba iyalansu haƙuri.

Waɗanda suka halarci taronmu na bara za su tuna irin murnar da muka shigo da ita. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. A watan Satumba na shekarar aka yi zaɓe a nan jihar, ƙananan hukumomi 23 suka samu ciyamomi, mazaɓu 244 suka samu kansiloli. Da yawanmu, har da ni, mun ɗauka an gama da babbar matsalar. Sai wani dattijonmu, tsohon malamin firamare, ya miƙe ya ce: "To, in kuɗin sunka zo, wa za ya gaya muna inda sunka tafi?" Kusan duk aikinmu na bana amsar wannan tambaya muka yi ta nema.

Karatun takardar rabo

Mun fara da koya wa kanmu karatu. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, wanda ake kira FAAC, yana zama a Abuja, kuma ofishin Akanta Janar na tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma da sunanta. A tsarin rabon, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, sannan a harajin kayan masarufi na VAT ƙananan hukumomi na da kashi 35. Matasanmu sun ɗauki nauyin ciro shafin Sakkwato duk wata su saka a zaurenmu na WhatsApp, a kuma buga wa waɗanda ba su da babbar waya. Sun riƙe wannan aiki har ƙarshen shekara ba tare da an tuna musu ba. Allah ya yi musu albarka.

Sai dai ganin adadin ya zo da nasa haɗari. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kason ya ƙaru sosai, saboda haka wasu mambobi da suka ga miliyoyin sai suka fara kiran sata tun kafin su tambayi komai. Kwamiti ya tsaya a kan cewa ba za mu yi haka ba. Adadin da ke takarda ba shi ne wanda ake zuwa a yi aiki da shi ba. A cikinsa ake fitar da albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, na ma'aikatan sakatariya, da fansho, da sauran abin da doka ta ce a cire. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun dokar Yulin 2024, ga siminti da rodi da dizal duk sun yi tashin gwauron zabo. Wanda bai san wannan ba, ma'ajin ƙaramar hukuma zai kayar da shi a magana cikin minti biyu, kuma daga ranar ba za a sake sauraronsa ba.

Game da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa domin kason ƙananan hukumomi ya bi ta cikinsa, aiwatar da hukuncin kotu yana tafiyar hawainiya a ƙasar baki ɗaya. Ba mu da ikon gaggauta shi. Kuma wannan jayayya ta girmi yawancin matasanmu: an yi babban garambawul a 1976, a 1984 kuma marigayi Alhaji Ibrahim Dasuƙi, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, ya jagoranci kwamitin duba tafiyar da ƙananan hukumomi. Shi ya sa muka ce ba za mu naɗe hannu muna jiran Abuja ba.

Mun rubuta wasiƙu zuwa sakatariyoyin da muke da mambobi a ƙarƙashinsu, muna neman kwafin kasafin kuɗin shekara, bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Wasu ba su amsa ba har yau. Wasu sun ce mu dawo, mun dawo, aka ce mu sake dawowa. Amma a wuri ɗaya ma'aji ya zaunar da wakilanmu, ya buɗe musu kundin, ya bi da su layi-layi har la'asar. Ba mu ambaci sunan kowa a rahoton nan ba, na yabo ko na suka, domin ba mutum muke farauta ba, tsari muke so ya gyaru. A wannan kundi ne muka ga abin da ya canza mana tunani: gina sabo yana da layuka masu yawa, gyaran tsoho kuwa ɗan layi ne guda, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ruwa

A nan zan daɗe, domin nan ne iyaye mata suka yi aikin da ya fi na kowa.

Cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, reshen mata ya fita ƙirgar wuraren ɗibar ruwa a mazaɓunsu. Ba su tafi da komai ba sai littafi da biro da wayar ɗaukar hoto. Kowace rijiyar burtsatse, kowane famfon tuƙa-tuƙa, kowane tanki mai aiki da sola, sun rubuta inda yake, ko yana ba da ruwa, in ba ya bayarwa tun yaushe, kuma me makanike ya ce ya lalace. Abin da suka dawo da shi ya sa jikinmu sanyi. Yawancin waɗanda suka mutu ba ruwan ƙasa ne ya ƙafe ba. Wani roba ce ta cinye a cikin famfo. Wani sanda ce ta tsinke ta faɗa. Wani an sace masa faifan sola, wani tankinsa ne ya tsage. Abubuwa ne da makanike zai gama da su cikin wuni ɗaya ko biyu. A wata unguwa sun tarar ana haƙa sabuwar rijiya da allonta mai fenti, ga matacciya nan kusa, yara na wasa a kan dakalinta.

Mun zauna mun tambayi kanmu dalili. A ganina abu uku ne suka haɗu. Sabon aiki kwangila ce, yana da allo, yana da ranar buɗewa, ana ganin wanda ya kawo shi. Gyara ba ya da ko ɗaya. Na biyu, rijiyoyin nan masu kawo su daban-daban ne, wata ta ƙaramar hukuma, wata ta jiha, wata ta ɗan majalisa, wata ta ƙungiyar agaji, wata sadakar wani bawan Allah, kuma idan ta lalace kowa sai ya ce ba tasa ba ce. Na uku, inda muka tambaya ba mu samu cikakkiyar rajistar da ke nuna yawan rijiyoyin da ke ƙasar ƙaramar hukuma da halin da suke ciki ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa ba zai shiga kasafi ba.

Wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci ita ce matar da ke sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa da ribar ƙosanta, da yarinyar da ke makara zuwa makaranta saboda layin famfo. Wata uwa ta ce wa wakilanmu: "Mu ba sabo muka roƙo ba, a tashe muna wanga da munka sani."

An samu nasara a mazaɓa ɗaya, kuma ina so kowa ya lura da yadda aka yi. Ba zanga-zanga aka yi ba, ba a shiga rediyo ba. Matan sun kai jerin ga mai unguwa, shi ya kai su gaban uban ƙasa, aka kira kansila aka miƙa masa takardar a gaban jama'a, da hoton kowane famfo da kiyasin makanike. Ya kai ta zaman majalisar ƙaramar hukuma. Kafin damina ta sauka an tashi wasu daga ciki. Mutanen wurin sun kafa ɗan kwamiti suna tara abin sayen roba da man shafawa. Mun yaba, amma mun gaya musu kada karo-karonsu ya zama dalilin da hukuma za ta zare hannunta. Ƙaramin gyara nasu ne, babba na hukuma ne, kuma ya kamata a rubuta iyakar kowanne.

Kasuwa da tasha

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Jihar da ke da kasuwar kan iyaka irin ta Illela, da ta Acida, da Kara a cikin birni, ga albasa da tafarnuwa da dabbobi da ake lodi zuwa kudu, bai kamata a ce kuɗin shigar ƙananan hukumominta ba abin a zo a gani ba ne. Mambobinmu 'yan kasuwa sun tattaro mana tikitocin da ake yankar musu a wasu ƙananan kasuwanni. Wasu ba lamba, wasu ba kwanan wata, wasu hoton wani tikitin ne aka sake bugawa. Akwai inda buhu ɗaya ake biya masa a ƙofa, a biya a rumfa, a biya wurin lodi. Tikitin da ba lamba ba yadda mai binciken kuɗi zai bi sawunsa zuwa asusu.

A 2019 hukumar NFIU, mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi, ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana. Wannan ya tsare ƙofar fita, amma kuɗin da bai taɓa shiga asusun ba babu dokar da ta gan shi. Mun miƙa shawara a rubuce cewa a kafa allo a bakin kowace kasuwa mai nuna nawa ne kuɗin rumfa, na buhu, na dabba, kuma rasit ya zama mai lamba a jere. Ba a amsa mana ba tukuna. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne ban ji ɗan kasuwa ko ɗaya ya ce ba zai biya ba. Abin da suke cewa, a yashe magudana kafin ruwa, a gyara makewayi, su ga inda kuɗinsu ya shiga.

A fannin lafiya, wasu mambobinmu sun shiga kwamitocin ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan ƙananan asibitoci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare na zuwa asusun asibitocin da aka zaɓa. A ɗaya daga cikinsu jami'ar da ke riƙe da wurin tana liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a bango, kowa ya karanta. Muna roƙon a kwaikwaye ta. Makarantun firamare kuwa mun yi alkawarin zagaya su bara, ba mu cika ba. Lokaci da kuɗin mota sun ƙare a aikin ruwa.

Babban giɓin rahoton nan shi ne gabashin jihar. Saboda ta'addancin 'yan bindiga a yankunan Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, kwamiti bai yarda a tura kowa ƙauyuka ba, kuma wasu mambobinmu na can su kansu gudun hijira suke yi. A inda malami da ma'aikacin lafiya suka bar gari, maganar kasafi tana bayan maganar rai. Ba mu manta da su ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Kuɗin ƙungiya

Tunda muna tambayar wasu, dole mu fara da kanmu. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi bayan wannan rahoto, kuma mambobi biyu da ba sa cikin kwamiti sun duba littafinsa da rasit-rasit. Kuɗinmu duk daga kuɗin wata ne da gudummawar mambobi, kuma mafi yawansa ya tafi a sufuri da buga takardu. Da yawa ana bin su bashin watanni. Don Allah a biya. Cikin shekara wani mai neman kwangila ya aiko da abin da ya kira taimako, kwamiti ya mayar masa cikin mutunci. Zaɓen 2027 na matsowa, irin wannan zai ƙaru. Kowa na da 'yancin jam'iyyarsa, amma kada wanda ya tafi da sunan ƙungiya ko littafin ƙirgarmu wurin taron siyasa.

A 2026 sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin bana za su fara aiki daga Janairu, kuma kason ƙananan hukumomi a VAT yana nan a kashi 35. Mu abin da muka sa gaba shi ne mu nemi rahoton mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha mu karanta shi tare, mu kuma roƙi kowane kansila ya zauna da mutanen mazaɓarsa kafin a rubuta kasafi, ba bayan an gama ba, da buƙata guda a hannunmu: layin gyaran rijiyoyi mai kuɗin da zai isa. Don haka muna buƙatar ƙirgar ruwa daga kowace mazaɓa da muke da mamba. Takardun cikewa suna wurina da wurin shugabar mata. A karɓa yau, a dawo da su kafin azumi ya kama, domin mu miƙa su tun bazara ba ta yi tsanani ba.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya
Sakkwato